Wace Mota Ce Ta Dace Da Jan Ƙaramar Tirela? Bayani Ga 'Yan'uwa Fatake

 

Akwai wata tambaya da ta yawaita a tsakaninmu, kusan duk zaman da aka yi sai wani ya ɗago ta. Mutum ya ɗan tara abin da ya tara, yana son mota guda ɗaya wadda zai yi hidimar yau da kullum da ita a cikin Ankara, ya kai yara makaranta, ya je kara ya dawo, in kuma tafiyar Arewa ta taso ya ɗaura mata ƙaramar tirela a baya, ya zuba tanti da tabarma da gidan sauro da tukunya da ruwa da dusa, in zai dawo kuma ya sako 'yan raguna. To wace mota ce za ta iya wannan aiki biyu? Mun ga ya kamata mu zauna mu yi bayanin a rubuce, domin kuskure a nan ba kuɗi kaɗai yake ci ba, yana cin dabba, yana kuma cin rai.

Kakanninmu da ƙafa suka riƙa koro shanu ta Salaga da Yeji da Atebubu har Kumasi, kuma kowanensu ya san iyakar kayan da jaki zai ɗauka. Mu da muka zo zamanin inji sai muka ɗauka ƙarfe ba ya gajiya. Yana gajiya ƙwarai, sai dai shi ba ya durƙusawa a tsakar gida inda za a rage masa kaya, sai an yi nisa a daji tsakanin Kintampo da Buipe sannan ya nuna.

A FARA DA AUNA KAYA

Yawancinmu mota muke fara saye, sannan mu nemi abin da za ta ja. Kamata ya yi a juya lissafin. A fara sanin nauyin tirelar da kayanta, shi ne zai faɗa mana irin motar da za a nema.

Bari mu buga misali. A ce tirela ce mai ƙafa biyu, irin wadda masu walda ke ƙerawa da ƙarfen kwana da katako, nauyinta babu kaya kilo 350. Aka sa raguna takwas irin na Sahel, kowanne kilo 60, ka ga kilo 480 ke nan. Galan huɗu na ruwa, irin rawayan nan mai lita 25, kilo 100 ne, domin kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Buhun dusa biyu masu kilo 25, an sami 50. Harawa da tanti da tabarmi da kayan girki da safaya taya, a ce kilo 70. In aka haɗa duka, kilo 1,050 ya tashi. Mutumin da ya ce "ai 'yar ƙaramar tirela ce" ashe fiye da tan ɗaya yake shirin ja.

Kada a yi wannan lissafi da ido. Ido ya iya kimanta sa a kara, amma bai iya kimanta ƙarfe ba, kuma mai walda kullum ƙasa da gaskiya yake faɗa. A kai tirelar inda ake da sikelin auna motoci, a auna ta babu kaya, a rubuta adadin da fenti a jikinta.

ALƘALUMA HUƊU DA ZA A NEMA A JIKIN MOTA

Kowace mota tana da iyakar da kamfanin da ya ƙera ta ya yanke mata, kuma a rubuce yake.

Na farko, nauyin tirelar da ba ta da birkin kanta. A ƙa'idar Turai iyakarsa kilo 750 ne komai girman motar, ƙananan motoci ma ba sa kaiwa haka. Kusan duk tirelolin da ake ƙera mana a nan ba su da birki. Wato misalin da muka kawo na kilo 1,050 ya riga ya haura iyaka da kilo 300, ko da Land Cruiser ce ke gaba. Dalili kuwa shi ne birkin mota an yi shi ne don ya tsai da motar da abin da ke cikinta. In aka ƙara masa tan guda yana turo shi ta baya, tazarar tsayawa sai ta ƙaru, a gangare kuma birkin ya ɗau zafi ya daina kamawa.

Na biyu, nauyin tirela mai birki. Wannan ya bambanta daga mota zuwa mota. Motocin da aka yi don kasuwar Turai suna da wani ɗan allo na ƙarfe ko takarda a jikin ginshiƙin gambu ko a ƙarƙashin bonet, mai layi huɗu na lambobi. Layin farko shi ne iyakar nauyin motar da lodinta, na biyu iyakar nauyin mota da tirela a haɗe, na uku da na huɗu kuma abin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka. A cire na farko daga na biyu. In an ga 2,000 da 3,300, to kilo 1,300 ne abin da za ta ja tana cike da lodi.

Amma yawancin motocin hannu da ke shigo mana ta tashar Tema daga Amurka da Kanada suke, su kuma da laba suke lissafi, sannan allon gambunsu ba ya faɗin abin da mota za ta ja, sai an duba littafin da ke zuwa da ita. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, kamar yadda mahauta suka sani. In littafi ya ce 1,500, kada a yi murna, kilo 680 ne kawai. In ya ce 3,500, kilo 1,590 ne ko kusa da haka. In ya ce 5,000, wajen kilo 2,270.

Na uku, nauyin da wuyan tirela ke dannawa a kan ƙugiyar mota. Abin da ake so shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin tirelar, matuƙar bai wuce abin da aka rubuta a jikin ƙugiyar ba. A misalinmu wajen kilo 75 ke nan. In ya gaza, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya a kan hanya. In ya yi yawa, bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitila ta koma haska sama. Ana iya gwada shi da sikelin da ake auna mutum da guntun katako a tsaye a ƙarƙashin wuyan.

Na huɗu, lodin da motar kanta za ta ɗauka. Shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Ƙaramar mota abin da take ɗauka duka-duka bai cika wuce kilo 400 zuwa 450 ba. Maza huɗu masu kilo 75 sun cinye 300, wuyan tirela ya ci 75, to me ya rage wa but? Ko buhun masara ɗaya ba zai shiga ba.

Bayan waɗannan akwai wata shawara ta masu jan tirelar kwana a Ingila, wadda ba doka ba ce amma hankali ya yarda da ita: wanda bai ƙware ba, kada nauyin tirelarsa ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar babu kaya. Ɗan maraƙi ba ya jan bijimi.

IRE-IREN MOTOCIN DA KE GABANMU

Ƙananan motoci irin su Corolla da Civic da Elantra suna da daɗin mai, suna shiga lungunan Nima, kayan gyaransu kuma birjik a Abossey Okai. Corolla ta Amurka ta shekarun 2009 zuwa 2013 laba 1,500 aka yanke mata. Amma ƙafar gaba ce ke jan su, to da zarar tirela ta danna baya sai ƙafar gaban ta rage kama ƙasa, a hawa mai tsakuwa ko laka sai ta yi ta juyawa a banza. Ga shi kuma cikinsu a ƙasa yake. In aikin bai wuce ɗauko dusa daga Tema ko raguna uku ko huɗu daga Tulaku zuwa Mamobi ba, kuma duka bai haura kilo 500 ba, za su yi. A ɗaura musu tirela zuwa Paga, tafiyar kusan kilomita 800, wannan zalunci ne ga mota da mai ita.

Masu ɗan tudu irin su RAV4 da CR-V da Tucson su ne suka fi ruɗin mutane, saboda a ido kamar ƙarfafa ne. Gaskiyar magana ginin ƙaramar mota gare su, an dai ɗaga su ne. Yawancin RAV4 da CR-V na Amurka masu silinda huɗu laba 1,500 ne iyakarsu, daidai da Corolla ɗin da aka raina. RAV4 mai silinda shida ta 2006 zuwa 2012, in ta zo da kayan ja daga kamfani, ita ce aka ba laba 3,500. Highlander mai silinda shida daga 2008, ita ma in da kayan ja, ta kai 5,000. A lura da kalmar "in da kayan ja", domin ma'anarta lagireto babba da abin sanyaya man giya, ba ƙugiya kaɗai ba.

Sai a-kori-kura, wato Hilux da Navara da Hardbody da D-Max da L200 da Ranger. A ganinmu, ga wanda zai riƙa zuwa Arewa da gaske, nan amsar take. Suna da shasi na daban wanda aka ɗora bodi a kai, ƙugiya a jikin shasin ake ɗaure ta, ƙafar baya ke tura su, sifirinsu na baya kuma na lodi ne. Mai gida biyu tana ɗaukar iyali ranar Juma'a, ta ɗauki kaya ranar kasuwa. Hilux ta fara fitowa tun 1968, kuma wadda aka fara a 2015 wasu nau'o'inta an yanke musu har kilo 3,500 da tirela mai birki, tsofaffin kuwa ƙasa da haka suke, saboda haka kowa ya duba allon tasa. A 2021 aka buɗe wurin harhaɗa Hilux a Tema, a 2022 kuma na Navara, ga mai ƙarfin sabuwa. Dattawanmu da suka yi zamanin Peugeot 504 a-kori-kura ta Kaduna sun san abin da ya sa aka so ta: duk garin da ta tsaya akwai wanda ya san cikinta. Da wannan ma'auni za a zaɓa a yau. Motar da fita zai gyara a Suame Magazine, ya gyara a Tamale, ya gyara a Po da Puitenga, ta fi wadda sai an aiko da kayanta daga Ankara.

Land Cruiser da Prado da Patrol da Pajero babu mai musun ƙarfinsu. Amma kuɗinsu garke ne guda, shan mansu a cunkoson Circle ba wasa ba, kuma suna jawo ido a hanya, ido kuwa ba abin da falke mai ɗauke da kuɗin mutane yake so ba ne.

Akwai kuma hanya ta biyar da ya kamata a faɗa. Wanda aikinsa kullum dakon dabbobi da abincinsu ne, wataƙila ba tirela yake bukata ba. Kia mai buɗaɗɗen baya, ko 'yar motar nan da ake kira Abossey Okai Macho, za ta ɗauki kayan a bayanta, babu wuyan da zai tsinke, babu wahalar ribas. Aboboya kuwa ta tsaya a aikinta na cikin unguwa, kada a ɗaura mata komai a baya.

INJI DA GIYA DA ZAFI

Abin da ke jan kaya shi ne ƙarfin da inji ke bayarwa tun yana juyawa a hankali, kuma a nan dizal ya fi fetur. Tsofaffin injinan Toyota irin su 3L da 5L ba su da gudu, amma suna da haƙuri da man da bai da tsabta. Na zamani irin su 2KD da 2GD sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, sai dai ruwa ko datti kaɗan a cikin dizal yana kashe musu nozul, kuɗin nozul kuwa kuɗin sa ne. Wanda ya sayi irinsu ya guji man kwalba na bakin hanya, ya riƙa canja matatar mai a kan lokaci, ya kuma ajiye guda a mota. Dizal ɗin da aka yi don Turai yawanci da wata matatar hayaƙi a salansa wadda ke toshewa in mota ba ta yin doguwar tafiya, to mai yawon Nima zuwa Mamobi kullum ya san da wannan.

Game da giya, ta hannu ta fi sauƙin gyara a ko'ina, amma kuloci ne ke biyan kuɗin, musamman wajen tashi a hawa da ribas. Otomatik ta fi daɗin tashi da kaya, abokin gabanta ɗaya ne, zafi. In za a ja kaya da ita, a sa fita ya ƙara mata ɗan lagireton man giya, a kuma riƙa duba man: in ya yi baƙi yana warin ƙuna, an riga an fara ɓarna. Akwai wata irin otomatik mai aiki da bel na ƙarfe, wadda ake kira CVT, tana cikin ƙananan motoci da yawa na bayan nan. Ita kam a nisanta ta da nauyi.

A tuna kuma cewa alƙaluman kamfani na sabuwar mota ne mai lafiya. Tamu ta shekara goma sha biyar, a zafin watan Maris na Bolga da Boku inda ake haura digiri 40, ba za ta yi abin da ta yi tana budurwa ba. Shawararmu a bar ratar kashi ɗaya cikin biyar: in an yanke mata 1,500, a tsaya a 1,200. Kafin tafiyar farko a wanke lagireto, a duba fanka da tiyo, a zuba ruwan sanyaya inji na ainihi maimakon ruwan rijiya.

ƘUGIYA, SARƘA DA FITILA

Nan ne aka fi yin ganganci. An sha ganin an kai mota wurin mai walda ya liƙa guntun ƙarfe a jikin bamba, a ce an yi ƙugiya. Bamba ba a yi ta don ja ba. Ƙugiya ta gaskiya da kusoshi ake ɗaure ta a ramukan da kamfani ya tanada a jikin shasi, kuma tana zuwa da allonta mai faɗin iyakarta. Tirelar da ta tsinke a kan babban titi ba mai ita take kashewa ba, bayin Allah da ke tahowa take afka wa, kuma alhakinsu yana wuyan wanda ya yi arahar.

A kula da girman ƙwallon da bakin tirela ke hawa. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka akwai mai inci 2, wanda ya ɗara shi kaɗan, akwai kuma mai inci 1 da 7/8, wanda bai kai shi ba. A ido duk ɗaya ne, amma in aka ɗora babban baki a kan ƙaramin ƙwallo, ramin farko da aka faɗa zai iya fitar da shi. A karanta lambar da ke kan ƙwallon da ta bakin tirelar, su zo daidai.

A sa sarƙar tsaro guda biyu, a gicciya su a ƙarƙashin wuyan, domin in ya kuɓuce ya faɗa kansu kada ya caki kwalta. Fitilar birki da sigina da jar fitilar baya dole su yi aiki, a manna kuma abin ƙyalli a baya da gefe. Soket ɗin Turai mai baki 7 ne ko 13, na Amurka yawanci mai baki 4 ne, sai a nemi mai wayarin da ya san aikinsa ya haɗa. In tirela ta fi mota faɗi, a ƙara madubi.

Tayoyin tirela su ne marayu, duk wadda mota ta gama da ita sai a ce a kai wa tirela. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Taya tana tsufa ko ba a taka ta ba. A sa wa boris giris kafin kowace doguwar tafiya, a tafi da safaya da jak da sifanar da ta dace da tirelar.

IN AN JE SAYE

Da yawa daga motocin da ake shigowa da su sun yi haɗari ko sun sha ruwa a can, aka gyara su a nan. A tafi da fita amintacce wanda ba shi da la'ada a cinikin. A sa shi ya shiga ƙarƙashi ya duba shasi, musamman ta baya inda ƙugiya za ta zauna: in akwai alamar walda ko miƙewa ko tsatsa mai cin ƙarfe, a haƙura komai kyan fenti. Tun ranar 4 ga Agusta 1974 Gana ta koma tuƙi ta hannun dama, saboda haka motar da aka ƙera da sitiyari a dama aka juya shi daga baya, a bar ta, bare a ce za a ja kaya da ita. Mai shigo da mota da kansa ya sani dokar kwastan ta 2015 ta sa tara a kan wadda ta haura shekara 10. Mu kuma in mun tashi sayar da tamu, mu faɗi aibinta, kamar yadda shari'a ta wajabta mana faɗin aibin dabba.

TAKARDU DA IYAKA

Tirela abin hawa ce a idon hukuma. A kai ta ofishin DVLA a yi mata abin da doka ta tanada, a tambaya kuma ko ajin lasin da ke hannu ya isa. A gaya wa kamfanin inshora a rubuce cewa motar tana jan tirela, kada sai abu ya faru su ce ba su san zancen ba. Mai ƙetare iyaka yana bukatar katin inshora na ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tsarinsa a 1982. Da yake Burkina Faso da Mali da Nijar sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, a tabbatar daga bakin kamfanin inshora kafin a tashi cewa takardar za ta yi aiki a ƙasar da za a shiga. In kwastan na Dakola ko Sinkasi za su rubuta takardar shigar mota, a tabbata sun sa tirelar a ciki. Dabba ko guda biyu ce tana bukatar takardar likitan dabbobi. Mun ga yadda aka hana zirga-zirgar dabbobi a jihar Upper East a watan Yuni 2023 saboda cutar antaras, don haka a riƙa wanke tirela da magani bayan kowane lodi.

LODI DA TUƘI

A sa wajen kashi 60 cikin 100 na nauyi a gaban ƙafafun tirela, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure komai. Dabba ba buhu ba ce, tana motsi, in aka taka birki duk su taru gaba, in aka hau tudu su koma baya. A raba tirelar gida-gida da katako, a zuba yashi ko ciyawa a ƙasa don kada su zame, a yi rumfa mai shan iska, kada a cusa su har wani ya hau kan wani. A tsaya a shayar da su. Addininmu ya hana azabtar da dabba ko da yanka za a kai ta, ragon da ya iso da karaya kuma bai yi layya ba, bai yi kasuwa ba. Babban sa kuwa ba kayan ƙaramar tirela ba ne. Nauyinsa a sama yake, in ya jingina gefe guda a kwana zai iya kifar da ita har da motar. Shanu a bar wa manyan motoci. Kada kuma a bar yaro ya zauna a cikin tirela ana tafiya, ko da sunan kula da dabbobi.

A kan hanya kada a wuce kilomita 70 zuwa 80 a awa, a ninka tazarar da aka saba bari. A gangaren Mampong ko na Nakpanduri ko na Aburi, a sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe motar. In tirela ta fara kaɗa wutsiya, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe, kada a danna birki da ƙarfi, kada kuma a ce za a ƙara wuta. In ta lafa a tsaya a gyara lodi. Bayan kilomita 30 na farko a sauka a taɓa cibiyar ƙafafun, in da zafin da hannu ba zai jure ba, boris ne. A koyi ribas a fili tun kafin ranar tafiya. A bar tafiyar dare, a kuma tambayi labarin hanya wurin masu gidajenmu na can kafin a tashi, domin kowa ya san halin da yankin Jibo ya shiga tun 2022, da abin da rikicin Boku ya jawo wa matafiya.

LISSAFIN ƘARSHE

Kowa ya ɗauki takarda ya ƙirga kwana nawa a shekara zai ja tirela. In sau biyu ne ko uku, gabanin babbar Sallah, to ya riƙe ƙaramar motarsa ya ɗauki hayar Kia a waɗannan ranaku, ko mutum uku su haɗa kuɗi su yi lodi ɗaya. Bambancin man da babbar mota za ta sha a sauran ranakun shekara ya isa ya biya hayar har ya yi saura, kuɗin da zai kwanta a ƙarfe kuma ya juya a kara. Ya tuna kuma a Nima wurin ajiye tirela ma sai an biya. In kayansa ba sa wuce kilo 500 kuma cikin Ankara da Tema ne, ƙaramar mota mai ƙugiya ta gaskiya ta wadatar. In yana zuwa Techiman ko Tamale ko Paga duk wata, da kaya kusa da tan ɗaya, to ya nemi a-kori-kura mai dizal, ya kuma sa wa tirelar birki ko ya rage lodi zuwa ƙasa da kilo 750.

Muna roƙon 'yan'uwa da suka daɗe suna wannan aiki su kawo abin da suka gani a zama na gaba, domin matasanmu su amfana. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa albarka a cinikinmu, Ya mai da kowane matafiyi gida lafiya, amin.